Gungumen Hula na Ƙarshe daga Mabai

Mahaifina wankin hula ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, a wata rumfa da ke bakin kasuwar Ƙanƙara. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka sabulu da sitaci ne jarinta. Jarinta gungume ne, wato icen da aka sassaƙa daidai kan mutum, wanda ake ɗora jiƙaƙƙiyar hula a kai, a ja ta ta zauna, a shanya, sannan a bi ta da dutsen guga. Mu kai muke ce masa. In ka wuce da hantsi za ka gan su jere a rana, kowanne da hularsa, kamar dattawa a wurin ɗaurin aure.

Duk kawunan nan mutum ɗaya ya sassaƙa su, wani Bamaguje daga Mabai, tsaran Baba. Ranar kasuwa yakan kawo turame da kujerun mata, in ya sayar sai ya zarce rumfarmu su raba goro suna tsiya. Shi yana ce wa Baba mai kawuna da yawa babu mai tunani ko ɗaya, Baba kuma yana ce masa sarkin sassaƙa da ya kasa sassaƙa wa kansa haƙori. Tun ba a haife ni ba suke haka. Amma abotar a rumfa ta tsaya. Duk sanda zai tafi sai ya ce, "Malam, yaushe za ka taho ka ga gidana?" Baba ya ce, "Sai an yi girbi." An yi girbi ya fi a ƙirga. Baba bai taɓa faɗin dalili ba, amma mun sani: gida ne da ake dafa giya, yana tunanin inda zai yi salla, yana kuma tunanin bakin mutane.

Shekarun da arzikin mai ya shigo, ni ina aikin hanya wajen Faskari, har na sayi babur ina jin kaina. Kowa ya samu abin sayen hula, sai kuma aka shiga yayin dogaye, waɗanda tsofaffin kawunanmu suka yi wa gajarta. Baba ya sa abokinsa ya sassaƙo masa dogo guda. Ɗan abokin ne ya kawo shi, tare da labarin cewa tsohon ya rasu a makon nan. Baba ya aika da goro na gaisuwa, ya rufe rumfa da wuri, amma bai je ba.

Gungumen ya zo fari fat, a bushe, alhali sauran sukan zo da launin zuma, sumul. Aiki ya yi yawa, Baba ya fara amfani da shi haka nan. Tururin guga kuwa ba ya raga wa ice. Kafin wata ya zagayo jikinsa ya yi kaushi yana kama zare, sannan wata 'yar tsaga ta fito daga tsakar kai. A nan muka gane ashe akwai abin da ake shafa musu, kuma mai shafawar ya tafi da saninsa.

Muka shiga gwaji a kan guntayen ice. Ni na kawo banish daga wajen kafintocin kamfaninmu, irin wanda ake shafa wa tebur ya yi ƙyalli. Da zafi da laima suka haɗu a kansa sai ya yi fari ya yi danƙo, ya riƙe tsumman da muka ɗora ya hana. Baba ya dube ni ya ce in mayar wa tebur kayansa. Shi ya gwada man gyaɗa, tsumma ya tashi da tabo da warin ƙuli-ƙuli. Na ce ai shi ke nan, duk wanda ya sa hularmu awaki za su raka shi masallaci. Bai yi dariya ba. Tsagar tana ƙara sauka, kullum da safe sai ya sa farce ya auna ta. Na san ba hulunan mutane kaɗai ke damunsa ba. Wannan icen shi ne abu na ƙarshe da hannun abokinsa ya taɓa, kuma yana lalacewa a gabansa.

Wata safiya ya naɗe gungumen a mayafinsa ya ce, "Tada babur ɗin nan, Mabai za mu tahi."

Mun tarar da matar marigayin a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, tsohuwa siririya mai kaifin ido. Ba ta taɓa ganin Baba ba, amma tana ganin abin da ke hannunsa ta ce, "Malam mai kawuna ne? Sannu da zuwa." Suka yi gaisuwar rasuwa, Baba kansa a sunkuye. Da ya warware mayafin ya faɗi abin da ya kawo mu, sai ta shafa tsagar ta yi 'yar dariya.

"Shi ai sassaƙa kaɗai ya iya," in ji ta. "Shafin nawa ne. Wanga ina cikin kuka yaro ya ɗauke shi ban gani ba."

Ta narka kakin zuma da ɗan man kaɗanya a kasko, ta ajiye gungumen kusa da garwashi har ya ɗumama, ta riƙa shafa masa kaɗan kaɗan yana shanyewa. Tsagar ta cike ta da kakin da garin sassaƙa. Da icen ya ƙoshi ya daina sha, ta murje shi da dusar gero, ta murje, ta sake murjewa, har ta goga farin tsumma ya tashi babu komai. Ta ce mai a cikin ice ake son shi, wanda ya tsaya a baya shi ke ɓata hula. Tsagar nan daga ranar ba ta ƙaru ko kaɗan ba, kuma da wannan gungumen ne Baba ya yi aiki har ya bar sana'ar.

Aikin ya kai mu azahar. Baba ya dubi rana, ya dubi ƙofa, ya ce bari mu fita bakin hanya mu yi salla mu dawo.

"Dakata, Malam," in ji ta.

Ta shiga ɗakin marigayin ta fito da tabarma a naɗe, ɗaure da igiya, da wata buta da ba a taɓa zuba wa ruwa ba. Ta kaɗe musu ƙura da gefen zanenta.

"Naka ne," ta ce. "Tun yaranmu na ƙanana ya aje su, ya ce kar kowa ya taɓa, na ran da Malam zai zo ne. In gara ta ci tabarmar sai ya sawo wata."

Baba ya karɓi butar da hannu biyu. Na cika masa ita a randa, na shimfiɗa tabarmar a inuwar rumbu. Tausayinsa ya kama ni har na kau da kai. Ya daɗe a tsugune yana alwala, yana ta wanke fuskarsa, ya wuce sau ukun da ya koya mana.