Mai Shararmu da Kiran Mamaci

"Ba inda za ki! Mutumin da aka binne shekaranjiya ne zai kira ki?"

"To Malam, zo ka duba da idonka. Lambar wa ce wannan?"

Mijin mai shara bai duba ba, baya ma ya ja har ya ture buta. Ni kuwa ina laɓe a bakin taga, don bangon benenmu ba ya riƙe magana.

Lokacin kullen annoba ne. Matar nan ta tsufa tana share mana matakala, daga sama har ƙasa, kafin rana ta yi zafi. Da aka hana fita, 'ya'ya suka aiko wa tsofaffinsu wayoyi, muka ajiye su kamar kayan ado. Ita ta bi mu ƙofa-ƙofa, da takunkumi a fuska, tana koya mana ta taga: a danna kore, ya yi ƙara, a kashe. Kowace safiya sai ka yi mata filashin, alamar ka kwana da rai. In ba ka yi ba, sai ka ji ta tana buga maka ƙofa da bakin tsintsiya. Haka ta tsinci tsohon direba a ƙasa, jininsa ya hau.

Sai tela na hawan ƙarshe ya faɗi a matakala. Motar asibiti ta ɗauke shi ko magana ba ya yi, aka rufe ƙofarsa, can ya cika. Washegari da safe wayar mai shara ta yi ƙara ta katse. Tela ne. Gari ya sake wayewa, tela ne. Ta daure ta kira. Aka ɗauka, ba sallama, sai numfashi, a hankali, kamar ana jan tsumma a siminti.

Bene ya ɗauka. Matar direba ta rantse ta ji keken ɗinki yana tafiya da kansa. Ni ma na ƙara gishiri, Allah ya yafe mini.

Mijinta ya ce ko aljani ne ko cuta, duk ɗaya, kada ta kwaso masa. Ta ɗaura takunkumi ta hau. Ba wanda ya bi ta. Ɗakin duhu, tufafin mutane a rataye kamar masu jiran layi. Daga ƙuryar ɗaki ta ga wani ɗan haske a kan gado, da yatsa guda a kansa.

Yayar tela ce. Ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya mutu. Ana gobe kulle ya ɗauko ta, har ni da ba a shigo da allura gidan nan ban sani ba, wannan ta wuce ni. Kullum tana ganin ƙanenta yana danna kore da safe, wayar na caji a gefenta, sai ta ci gaba. Leɓenta duk ya tsage don ƙishi.

Mai shararmu, ke ce kika ɗiga mata ruwa da cokali, 'yar nan. Ke ce kika amsa kiran da maza suka toshe kunne. Tana nan da ranta, har harara ta iya yanzu.

Watan nan gwiwa ta sa mai shararmu ta ajiye tsintsiya. Mun gode, Allah ya ba ki mai neman ki ranar da kika yi shiru. Ku kuma masu tsoho a maƙwabta, in ya yi shiru, ku buga ƙofa.

Yau da gangan na ƙi yin filashin, don ta zo in karanta mata wannan. Ta hauro tana haki, ta same ni garau.

"Inna! Da gwiwar nan kika sa na hau? Wallahi ranar da kika mutu da gaske, sai kin kira sau biyu!"

Ta fice, ta bugo ƙofa, garam.