Ranar da Na Duƙa Neman Dutse a Bakin Kogin Rhône

A Paris na fara tsanar masu sakin kare. Lokacin ina zaune wurin gwaggona a unguwar La Courneuve ina karatu, ranar Asabar kuma ina raka ta unguwar Belleville sayen kifi da kayan miya. Akwai wani lambu a kan tudu inda muke zama mu huta kafin mu shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Da wuya mu yi minti biyar ba a samu wani kare da aka kwance wa igiya ya taho ya cusa hanci cikin ledar kifinmu ba. Mai shi yana can nesa, hannu cikin aljihu, sai ya ɗago murya yana murmushi ya ce, "Il est gentil," wai karen mai kirki ne, ba ya cizo. Gwaggo takan tattare zanenta ta ce, "Ɗiyata, tambayo mini shi, karen ne ya gaya mishi hakan?"

Ni kuwa da ma mai zargi ce tun ina ƙarama. A gidanmu a Damagaram in aka sa mini babbar tsoka a tuwo sai na juya ta na duba ƙarƙashinta kafin in ci. An sha gaya mini zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ina cewa na ji, ina ci gaba da abina. Saboda haka ban daɗe a Paris ba na yanke hukunci cewa da gangan suke sakin karnukan nan, don su ga mata masu lulluɓi suna tsalle. Ban taɓa kama kowa da hujja ba, amma hakan bai hana ni barci ba.

Bayan na gama karatu aiki bai samu ba, sai na koma Lyon na shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Aka tura ni wurin wani dattijo, tsohon makanikin motocin haya, matarsa ta rasu, ƙafafunsa sun ƙi. Ƴarsa ce ta tarbe ni, mace mai saurin magana, kullum makullin mota a hannunta kamar yanzu za ta tafi. Ta lissafa mini aikin: magani, abincin rana, wanki, rakiya zuwa likita. Sai da ta gama duka sannan ta ce, tana kallon fuskata, akwai fita da kare sau biyu a yini. Saura kaɗan in ɗauki jakata.

Karen yana kwance ƙarƙashin tebur, ja-ja-ja, matsakaici. Ya ɗago kai ya dube ni, ya mayar ya kwantar, bai nufo ni ba. Shi ne kare na farko da na gani a ƙasar nan mai kunya. Da mutane ba ruwansa, ƴan'uwansa karnuka ne ba ya son gani. Dattijon ya ce shekarun baya matarsa tana riƙe da shi a igiya wani sakakken kare ya faɗa masa ya yayyaga shi, tun daga ranar in ya hango kare yana nufo shi sai ya haukace. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, shi kuma nasa gudun haushi ne da kai cafka.

Ƴar ta ce ya riga ya ciji karen maƙwabta sau ɗaya. Ta ce in ya ƙara, ko sau ɗaya ne, za ta ɗauke shi ta kai wa wasu mutane a ƙauye, ba za ta zauna tana jiran takardar ƙara ba. Dattijon ya buga tebur da tafin hannu ya ce in za a ɗauke shi sai dai a haɗa da shi. A sati na farko na gane ba cika baki yake ba. Don karen yake tashi da safe, don karen yana zaune yana kallonsa yake cin abinci, kuma da shi yake hira fiye da yadda yake yi da ni.

Nan take zuciyata ta fara saƙa. Matar nan ta ga yadda na ɗaure fuska da aka ambaci kare, ta san tsoro nake ji, me ya sa ba ta nemi wata ba? Na ce da walakin goro a miya. So take in kasa riƙe shi, ta samu dalilin ɗauke shi, laifin kuma ya hau kaina.

Dattijon ne ya koya mini aikin daga kan kujerarsa. A jikin igiyar akwai ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa da aka ɗaura, ya ce alama ce ga masu karnuka cewa wannan a ba shi wuri, kada a matso. Ya ce in riƙa duban nesa kamar direba. In na hango kare, in juya, ko in tsallake titi, ko in laɓe bayan motar da aka ajiye, in tsaya tsakanin nawa da wancan, in riƙa ba shi gutsuren cuku har a wuce. In kuwa sakakke ne, tun daga nesa in ɗaga murya in ce mai shi ya kira abinsa. Ya ce, "Kada ki ji kunya, yarinyata. Su ya kamata su ji." Na ce, "To, Mushe," wato maigida da Faransanci, "takunkumi fa?" Ya harare ni ya ce an gwada, karen ya yi kwana biyu bai ci abinci ba.

Abin mamaki, aikin ya karɓe ni. Aikin mai zargi ne, ni kuma gwana ce. Muna tafe bakin kogin Rhône, ni ina leƙen kowace kwana, shi yana leƙen kowace kwana, kamar ɓarayi biyu. Akwai masu hankali, ban hana su nasu ba. Wata tsohuwa da ta hango ƙyallen sai ta kira nata ta ɗaure, ta koma gefe ta jira mu wuce. Ita ma na ɗan yi kwana biyu ina tunanin me take nema a wurina. Sauran kuwa sai dai su ɗago hannu su ce nasu mai kirki ne, in ce musu nawa ba mai kirki ba ne, ni ma haka. Gwaggo ban gaya mata maganar karen ba. In ta kira ta ce ya aiki, sai in ce tsoho lafiya lau. Ina da doguwar riga ɗaya ta fita da kare, a bayan ƙofar dattijon take kwana, ba na salla da ita.

Wanda ya tsaya mini a rai wani dogon mutum ne mai hula ruwan toka, yana da baƙin kare matashi mai rawar kai, kullum a sake. Sau uku ina yi masa magana daga nesa, yana ɗago mini hannu kamar gaisuwa na yi. Na canza lokacin fita, na same shi. Na sake canzawa, bayan kwana biyu ga shi nan. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Wata rana daga taga na hango ƴar dattijon tana gaisawa da wani mai hula ruwan toka a bakin titi, ban ga fuskarsa ba, amma na ce biri ya yi kama da mutum. Ban tsaya tambayar kaina masu irin hular nan nawa ne a Lyon ba.

Wata Talata da hantsi muna saukowa matakalar da ke kai wa bakin ruwa, ban ankara ba sai ga baƙin karen ya ɓullo daga bayan wani benci, a guje, ya nufo mu. Babu motar laɓewa, matakala a bayana, mai shi yana can yana duba waya. Na yi kira sau ɗaya bai ɗago ba. Duk abin da dattijo ya koya mini ya gudu daga kaina, jikina ya koma Damagaram. A garinmu in kare ya nufo mutum, duƙawa ake yi kamar za a ɗauki dutse, a ɗaga hannu. Ba sai da dutsen ba ma. Kowane kare a can ya san wannan duƙawar, tun kakanninsa, da ya gani zai sa wutsiya tsakanin ƙafafu ya ɓace. Na duƙa, na ɗaga hannu sama na ce, "Kai!"

Karen Faransa ba a taɓa jifansa da dutse ba. Abin da ya sani shi ne in mutum ya duƙa ya ɗaga hannu, ƙwallo zai jefa masa. Sai ya ƙara gudu, yana kaɗa wutsiya, ya daka tsalle ya nufi hannuna don murna, ya sauko daidai kan nawa karen. Ban ga yadda aka yi ba, na dai ji ƙara, na ga nawa ya kama kunnen baƙin yana girgizawa. Na ja igiya da duk ƙarfina, na kira shi, ya saki. Jini yana ɗiga a kan siminti.

Mutumin ya iso yana haki, fuskarsa ta yi fari. Ya rungumi karensa, ya danne kunnen da hularsa. Ya ce wani abu da sauri wanda ban ji duka ba, na dai tsinci kalmar dutse a ciki. Sannan ya matso a hankali, ya ɗauki hoton ɗan ƙarfen da ke rataye a wuyan karenmu, ya sungumi nasa ya tafi. A jikin ƙarfen nan lambar wayar ƴar dattijon ce, don shi dattijon kunnensa ya yi nauyi.

Na zauna a kan matakala, karen ya jingina da ni. Na gama tsara komai a raina. Mutumin zai kira ta, zai ce wata baƙa ta jefi karensa da dutse sannan ta sakar masa nata. In ma da bakinsu ɗaya, to abin da suke jira ya samu. Na ce gara ta ji daga bakina tukuna. Ban ko koma gida ba, a nan zaune na kira ta. Na faɗi abin da ya faru, kuma saboda tsoron kada a ce ni ce, na ƙara da cewa na yi iya ƙoƙarina amma karen ya fi ƙarfina. Sai ta ce ta gode da na faɗa mata gaskiya.

Ranar Asabar ƴar ta zo da mota ɗaukar karen. Ba zan ba da labarin wannan safiyar duka ba. Dattijon bai yi ihu ba, ya dai riƙe abin wuyan karen da hannu biyu, sai da ƴarsa ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya tana kuka. Ganin kukan nan ya ɗan dame ni, don bai dace da abin da na tsara game da ita ba. Daga ranar sai na yi ta fama kafin dattijon ya tashi daga gado, abinci kuma cokali uku ya ture.

Bayan kamar kwana goma na bi ta bakin kogin zan je karɓo masa magani. Sai na ji ana kira, "Madam, Madam!" Mai hular ne, baƙin karensa a ɗaure da igiya, kunnen da ɗinki. Na tsaya na shirya faɗa. Ya cire hula ya ce kullum yana zuwa nan yana dubana. Ya ce laifinsa ne, likitan dabbobi ne ya gaya masa ma'anar ƙyallen, shi da ya ɗauka ado ne. Ya ce ihuna ne ya sa ya ɗago ya ga na duƙa, ya san tsoro ne ya sa, kuma ya duba wurin babu ko tsakuwa. Lambar ya ɗauka don ya ba da haƙuri, ya yi ta ɗaga waya yana ajiyewa don kunya, bai kira kowa ba. Na tambaye shi ko ya san ƴar dattijon, ya ce wace ce. Sannan ya dubi hannuna ya ce, "Ina naki karen? Lafiyarsa ƙalau?"

Na samu benci na kira ƴar, na gaya mata komai, na roƙe ta ta dawo da karen. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ita ma ba ta so hakan ba, amma ni da bakina na ce ya fi ƙarfina, kuma ba za ta sa ni cikin hatsari ba, ba za ta sa mahaifinta a kotu ba. Ta ce mutanen ƙauyen suna da fili mai shinge, ya fara sabawa, a bar maganar.

Na yi wata bakwai a gidan bayan wannan, har aka mai da dattijon gidan tsofaffi. Ban taɓa gaya masa ni ce na kira ƴarsa ba. Shi a saninsa mai baƙin karen ne ya kira ƴarsa ya kai ƙara. Kusan kullum da safe sai ya tsine wa mutumin, ya ce matsoraci ne, munafuki, ya raba tsoho da abin da ya rage masa. Sai ya juyo ya ce, "Ke dai kin yi ƙoƙarinki, yarinyata." Ni kuwa ina tsaye ina zuba masa kofi, in ce, "Sha, Mushe, kada ya huce."