Takardar da na liƙa a ƙofar Baba Isyaku

Akwai wata Laraba da har yau ban iya mantawa da ita ba. Watana uku ke nan da fara aiki a wani ƙaramin ofishin kula da gidajen haya a Zariya. Ni ne sabo, saboda haka ni ake turawa wajen gari.

Gidan da aka tura ni a Makarfi yake. Mai shi ya rasu, magadansa da ke Kaduna suka karɓe shi daga hannun Malam Tanimu, dillalin da ya riƙe shi tun gini, suka ba ofishinmu. Ɗan haya ɗaya ne a ciki, Baba Isyaku, tsohon malamin gona. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aure a garin Taba.

Ga wanda bai san aikin ba, idan aka sauya wakili ɗan haya yana ciki, yarjejeniyarsa tana nan yadda take. A karɓi fayil daga tsohon wakili, a sanar da ɗan haya a rubuce, a sa ranar duba gida. Na bi wannan daki-daki. Abin da ban sani ba shi ne, a can tsohon wakili ne ke raka sabo har zaure ya ce ga wanda za ka riƙa gani. Ina jin Malam Tanimu ya so ya faɗa mini, amma ransa a ɓace yake, ni kuma ina tsoron kada in makara.

Ranar Larabar nan da na isa gidan, na yi sallama sau uku, shiru. Na liƙa takardar a ƙofa na hau mota.

Bayan mako biyu na koma duba gida. Ɗakuna biyu wayam, shi kuma yana zaune a tabarma a tsakar gida. Muka gaisa sosai, ya tambayi hanya da iyayena.

"Kai ne mai takarda?"

"Ni ne, Baba. Amma ba takardar tashi ba ce, sanarwa ce kawai."

"Na karanta, ɗana. Na yi boko tun ba a haifi babanka ba. Shekara ashirin ina gidan nan, ba a taɓa barin ƙofa ta yi mini magana ba. Duk Juma'a Tanimu yana nan muna musun taki. Ya daina zuwa, sai ga takarda. Na ce to, mutanen nan ba sa son ganin fuskata."

Ya riga ya tura kayansa Taba, gidan surukinsa. Duk wanda ya san dattijon Bahaushe ya san nauyin wannan.

Na kira shugabana a waya. Ya ce, "Ka ba shi a rubuce? To ka yi aikinka." Wataƙila gaskiyarsa ce, amma hankalina bai kwanta ba. Na nemi Malam Tanimu na ba shi haƙuri, washegari muka je tare.

"Isyaku, kai ma da zuciya," in ji Malam Tanimu. "Wa zai riƙa kayar da kai a musu a Taba?"

"Kai da aka sallama, kai za ka hana wani tafiya?"

Suka yi dariya, har na fara sa rai. Malam Tanimu ya kama hannuna ya ce ga sabon wakili, yaron kirki ne, rashin sani ne. Baba ya juyo ya dube ni.

"Na yarda. Amma mijin yarinyar nan ya gyara mini ɗaki, ya faɗa wa mutanen gari ina zuwa. Ba zan kunyata shi ba."

Ranar Asabar ya miƙa mini makulli da hannu biyu, ya ce in kula da famfon baya, yana yoyo. Ni kaɗai na tsaya har motar da ta ɗauke shi ta sha kwana.

Ba zan ce laifina ne duka ba, ba kuma zan ce ba ni da laifi ba. Abin da na koya shi ne, fayil yana nuna wanda ke cikin gida, amma ba ya nuna abin da ya riƙe shi a ciki. Yanzu ba na karɓar gida sai tsohon wakili ya taka da ni, ko da muna gaba da shi. Gidan nan ya yi wata bakwai babu kowa. Duk ƙarshen wata nakan je in buɗe, in duba ɗakuna, in rubuta cewa komai lafiya.