Wasan da Na Yi da Ciwon Taubashiyata

Taubashiyata ce, 'yar kawuna, kuma tun muna yara a unguwar Limanti ba mu taɓa yin maganar kirki ba. Haka al'ada ta tanada, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji tsokana ce gaisuwa. In na shiga gidanta sai ta ɗaga murya ta ce, "Ga bawana ya zo, a ɓoye tukunya!" Ni kuwa in ce turarenta ne ya kori sauron unguwa har da maƙwabta.

Turaren wuta take haɗawa. Ta sayo itacen a kasuwar Gamboru, ta jiƙa, ta soya da sukari, ta cika kwalabe. Tun daga zaure ƙamshi yake tare mutum.

Wata rana na tarar duk ta kifa kwalaben. Na ce lafiya? Ta ce, "Maƙwabciyata ta sayi baƙin takalmi, saboda haka turare ba zai kama ba sai an kifa shi." Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "To ni ma hulata sabuwa ce, saboda haka gobe Laraba." Ta gyaɗa kai, ko murmushi babu. Na ce a raina, kai, matar nan ta ƙware a iya shege.

Babbar 'yarta ta same ni a gida, don tun rasuwar mahaifinsu ni suke nema da shawara. Ta ce, "Kawu, Mama fa ba ta da lafiya, maganarta ba ta haɗuwa." Na ce, "Ke rabu da ita! Tun ba a haife ki ba uwarki haka take." Wata uku na yi ina maimaita wannan shirme, ina zuwa ina ɗora mata nawa a kan nata.

Ranar da na gane, na shiga ban ji ƙamshi ba, kuma ba a ce a ɓoye tukunya ba. Ta zaunar da ni ta ce ta bar sana'a, wai an ɗauke wuta da azahar, ke nan hannunta na dama ba nata ba ne, tunda kuwa haka ne ba ta da izinin taɓa sukari. Na buɗe baki zan rama, sai ta riƙe bakin rigata ta ce, "Don Allah kai ma ka gane mana." Hawaye take yi. Sai na kira 'yarta, muka kai ta asibiti.

A asibiti likitar ƙwaƙwalwa ta yi mana bayani. Ta ce kowace maganar taubashiyata ita kaɗai daidai take, zaren da ke ɗaure dalili da abin da ya haifar ne ya tsinke, alhali ita a wurinta komai a ɗaure yake tamau. Ta ce alamar ciwo ce, kuma ana samun sauƙi. Da ta tambayi yaushe abin ya fara, ni na amsa, kaina a ƙasa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Aka shiga magani da addu'a. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nakan biya, in zauna kamar baƙo ina "Hajiya, ya ƙarfin jiki?" Ita ma ta amsa da ladabi. Wallahi na tsani ladabin nan. Tsorona kada ta warke amma wasanmu ya tafi ke nan, tunda da shi na cuce ta.

Bayan watanni, wata Juma'a ƙamshi ya tare ni a zaure. Tana tsakar gida tana juya turare a kasko. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka zo daidai lokacin abinci, hannunka ko leda babu, saboda haka yunwa ce ta kawo ka, ba zumunci ba. A ɓoye tukunya!"

Na tsaya ina bin maganar tun daga farko har ƙarshe, ina neman inda ta tsinke. Babu. Na cire takalmi na zauna, na ce a zubo wa bawa burabuskonsa.