Eksitanal a Cikin Gafaka

Da wannan daminar, shekara tara ke nan da muka kai ƙanena Hamisu makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Kowace shekara nakan ɗauki alƙalami in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in mayar. Bana na daure, domin yaran da suka taso a gidanmu na Samaru sun fara ce masa "wanda aka kashe a rigima", kamar shi ya je nemanta.

Ni karatun zaure na yi, da Ajami na fara rubutu. Hamisu kuwa ɗan kwamfuta ne. Abin da ya haɗa aikinmu shi ne takardun kakanmu, waƙoƙin wa'azi da bayanin magunguna, duk da hannunsa. Wata damina rufin ɗakin da suke ya zuba, ruwa ya tarar da ɓarnar gara, takardun suka manne da juna. Hamisu ya sayo wani ɗan baƙin abu mai faɗin tafin hannu, wanda masu kwamfuta ke kira eksitanal, ya ce cikinsa zai ɗauke ɗakin kaka duka.

Ina zaune ya haɗa shi. Ya soka masa gajeriyar waya, ya soka ɗaya bakin a kwamfuta, wata 'yar fitila ta fara ƙiftawa, abin yana gurnani ƙasa-ƙasa. Ya buɗe wa kowane littafi gidansa, ina karanta masa sunan yana rubutawa. Sai in ɗaga takarda da bakin wuƙa, shi ya ɗauki hotonta. Ana gama ɗauka suke marmashewa a hannuna. Marmashin muka tattara muka binne a wuri mai tsabta, yadda ake yi wa duk abin da ke ɗauke da sunan Allah. Daga ranar rubutun kaka ba ya ko'ina sai cikin baƙin abin nan, don kwamfutar Hamisu tsohuwa ce, ba ta da wuri.

"Yaya, kada ka girgiza shi yana aiki," ya ce mini, "kuma kada ka fizge wayar sai kwamfuta ta ba ka izini."

"Har sallama ake yi da shi?"

"Ai ya fi wasu malaman son girma."

Da mahaifiyarmu, Inna, ta ji abin da ke ciki, ta ce ba zai zauna a aljihu tare da makulli da goro ba. Ta ɗauko tsohuwar gafakar kaka, jakar fatar da ake sa Alƙur'ani, ta saka shi da wayarsa a soke, ta naɗe igiya tamau, ta rataye a sama. Ladabi ta yi. Amma naɗin ya lanƙwasa bakin da wayar ke shiga, kwamfuta ta daina ganinsa.

Abin da ya kai mu Sabon Gari ke nan, shagon Chinedu mai gyaran kwamfuta, abokin Hamisu. Kirista ne, haifaffen Zariya, Hausa a bakinsa kamar tamu.

"Injiniya, wa ya yi wa abin nan ɗaurin goro?" ya tambayi Hamisu.

"Inna ce."

"To na janye. Inna ba ta laifi."

Ya zaro shi, ya kwance murfin a kan tebur, ya sa ƙarfen liƙi a wuta. Gafakar ta zame ta faɗi ƙarƙashin kujerarsa, ƙafarsa a kan igiyar. Babu wanda ya lura a cikinmu. Wani mai wucewa ne ya gani, ya kwarma ihu wai Kirista ya taka Alƙur'ani.

Ban san lokacin da titin ya cika ba. Dutse na farko ya fasa gilashin ƙofa, na biyu ya samu Chinedu a goshi, jini ya rufe masa ido. Hamisu ya ɗauki gafakar ya fita bakin ƙofa, ya buɗe ta ya juye, ya ce, "Ku duba, babu komai a ciki." Yana zaton maganar za ta kwantar da su. Sai wani ya ɗaga murya ya ce, "To ina ya zubar da abin da ke ciki?" Daga nan babu kunnen da ya rage a wurin. Na faɗa musu sunana da na ubana, na ce gafakar tamu ce, aka sauke mini katako a kafaɗa, na ji ƙashin ya karye.

Hamisu ya ja ni ciki, ya turo ƙofar ƙarfe. Sakatar ta ƙi shiga, sai ya tokare da hannu biyu da ƙirji. Eksitanal ɗin yana kan tebur, kusa da gwiwar hannunsa. Na ce masa ya ɗauka. Ya dube shi, ya dube ni.

"Yaya, fitar da Chinedu ta baya. Ƙofar ba ta riƙuwa da hannu ɗaya."

Na ja Chinedu da hannuna mai lafiya, muka bi ta lungun kwata, wata mai sayar da abinci ta tura mu ƙarƙashin teburinta ta rufe da zani. Daga can na ji ƙofar ta faɗi. Sun shiga ba su samu wanda suke nema ba, suka huce a kan wanda ya hana su. Da sanda da ƙarfe suka yi ta dukansa har ya daina motsi, suka jawo shi waje, suka watsa wa shagon fetur, suka cinna wuta. Ni na yi masa wanka. Da yatsunsa na gane shi.

Waɗanda suka zo kare rubutu mai sunan Allah, su suka ƙone duk wanda muke da shi. Har yau ban samu yadda zan ajiye wannan a zuciyata ba. Nakan tambayi kaina me Hamisu zai ce da zamanin nan, da ɗalibai ke ajiye littattafai a intanet, ba gara ba wuta. Zai yi murna, na sani. Amma zai ga kuma ihun da a da sai an tsaya a titi ake yinsa, yanzu daga waya yake tashi, ya riga mai gaskiya isa.

Chinedu ya koma Basawa, kusa da bariki. Duk shekara yakan zo gaisuwa. Makon jiya ya zo, furfura ta fito masa gefen tabon, ya tambaye ni abin da bai taɓa tambaya ba.

"Malam, nawa ka tuna daga rubutun nan?"

Na ce masa kaɗan, farkon waƙoƙi ne kawai, sauran sun tafi.

"A kaina suka tafi," ya ce.

"Hamisu ya san abin da ke kan teburin fiye da ni da kai," na ce masa. "Ya duba, ya zaɓa."

Ba zan ɓoye ba, rubutun kaka yana yi mini ciwo, kuma babu mai dawo da shi. Amma na raka Chinedu bakin titi, na tsaya ina kallonsa yana tafiya da ƙafafunsa, yana sauri don 'ya'yansa sun kusa tashi daga makaranta. Abin da ƙanena ya ajiye ke nan, kuma har yanzu yana nan.