Rabin Burodin Tsohon Bafaranshe

Cikin duk ranakun aikina na kula da tsofaffi a Gaithersburg ta Amurka, wadda ba ta fita raina ita ce ranar da na yi wa Alhaji Sani tafintan fim. Ku sababbi, ku saurara.

Ni mai taimako ne kawai, nas ce shugabata. Aikina wanka, abinci, tunin shan magani da hira. Doka ta farko da ta ba ni: kada ka sa baki a rigimar iyali. Gidan Alhaji kuwa akwai rigima. Mutumin Kumasi ne, idonsa ya yi rauni. Tun da suka yi sa-in-sa da ɗansa Nasiru ya daina yi masa magana, wai sai ya durƙusa ya nemi gafara. Nasiru, girman Amurka, kowace Asabar yakan zo, ya cika firji, ya gyara abin gyara, ya tafi.

Wata Juma'a da rana talabijin ta sa wani tsohon fim na Faransa.

"Kai ɗan Maraɗi, ba ka ce kana jin yarensu ba? Zauna ka juya mini."

Na zauna da murna, ina fassara har da hannu. Labarin uba da ɗa ne da suka ɓata. A ƙarshe ɗan ya dawo ya zauna a teburin cin abinci, uban ya karya burodi ya tura masa. Sai rubutun ƙarshen fim ya hau.

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba, Baba. Burodi kawai ya raba, ya tura masa rabi."

"To sun shirya?"

Allah ya yafe mini, ina da saurin yanke hukunci. Na ce, "Ina! Ba gaisuwa, ba durƙuso. Ba su shirya ba."

Ina rufe baki, sai na gane ba fim kaɗai na yanke wa hukunci ba.

Can Alhaji ya ce, "Wane rabin ya ba shi?"

"Babban."

Sai ya buga sandarsa a ƙasa. "Kai, Faransancinka na kasuwa ne! Uba ya ba ɗa babban rabi, ka ce ba su shirya ba?" Muka yi ta musu, yana dariya har da tari.

Washegari Nasiru ya shigo da ledoji. Ina goge tebur. Alhaji ya zaro goro daga aljihu, ya ɓare, ya lalluba da yatsa ya gane babban, ya tura gefen tebur.

Nasiru ya dube ni. Na kafa ido a kan tsummana. Ya ajiye ledojin, ya ja kujera, ya ɗauka ya ciza. Yaron da bai taɓa cin goro ba! Ya yamutsa fuska, amma ya cinye.

"Da ɗaci, ko?" in ji Alhaji.

"Sosai, Baba."

Na shige kicin na yi ta tsalle ni kaɗai.

Daga ranar na koya cewa a aikin nan, in tsoho ya tambaye ka, faɗa masa abin da idonka ya gani. Ma'anar, ka bar masa.