Yatsa a Kan Layi

Ina da shekara arba'in da bakwai aka ce sai na ci jarrabawar karatun Ingilishi, in ba haka ba in ajiye jakar aikina.

Majo ne ya faɗa mana, wato babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da ɗan asibitinmu na Zongo. Bayan an gama awon jarirai ya tara mu, mu tara da ke shiga gida-gida, ya ce ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin aikinmu ta koma hannun masu Ingilishi, takardunsu duk da Ingilishi za su riƙa zuwa, kuma mutum biyar kawai za a riƙe. Ba magana za a gwada ba, ba rubutu ba. Za a ba ka shafi a kan wata cuta, ka karanta, ka zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu. Saura wata uku. Yana magana yana kallon kowa ban da ni.

Na san dalili. Sauran takwas ɗin duk sun shiga lakwal, wato makarantar boko, tun suna ƙanana. Ni kuwa sai da na haifi huɗu, aka rushe gidanmu na wajen Koulouba muka dawo nan, sannan na zauna a benci da yamma ina koyon baƙaƙen Faransanci tare da masu sayar da goro. A asibitin nan da wanke zannuwan ɗakin haihuwa na fara. Shekara shida hannuna na cikin ruwan jabel, sinadarin wankin nan mai cin fata, kafin a miƙa mini jaka da littafi a ce in shiga gidaje.

Da kowa ya watse majo ya kira ni gefe, ya sassauta murya, ya ce kada in damu, ko yaya ta kasance akwai wurina a wajen wanki. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na fita, na wuce ta gaban bahon wankin nan ban iya kallonsa ba.

Maigidana tsohon direba ne, mutumin Nijar, ya yi shekaru yana kai babbar mota bakin ruwa a Gana. Da na gaya masa sai ya gyara zama, wai Ingilishi a bakinsa yake, me zan je nema waje. Na miƙa masa shafin gwaji da majo ya raba mana. Ya juya shi, ya nisanta shi da ido, ya kusanto da shi.

"Wannan ba irin namu ba ne," in ji shi.

"Naku wane iri ne, Alhaji?"

"Namu na yi wa ɗan sanda magana ne."

Na karɓe takardata.

Aka haɗa mu da wani tsohon malamin Ingilishi a unguwar Gounghin, wanda ya yi ritaya yana koyarwa a farfajiyar gidansa ranar Asabar da Lahadi bayan azahar. Mushe muke ce masa, yadda ake ce wa malamin lakwal. Siririn mutum ne mai sanyin magana, kuma jan bik ɗinsa, alƙalamin da yake gyara mana takardu da shi, bai da tausayi.

Abin da na fi tsoro da farko kalmomin ne, sai na ga ba su ne matsalar ba. Sunayen cututtuka da na magunguna da yawa suna kama da na Faransanci, sauran kuma na rubuta su a bayan katunan riga-kafi da suka lalace, ina haddacewa ina tuƙa tuwo. Cikin wata guda na fara gane shafi in na bi shi a hankali. Har na fara jin daɗi.

Sai Mushe ya lura da wani abu da ya tayar mini da hankali. In shafin a kan abin da ban sani ba ne, kamar cutar da ke kama masu aikin haƙar ƙasa a wata nahiya, ina cin kusan duka. In kuma a kan zazzaɓin sauro ne, ko ƙyanda, ko shayar da nono, abubuwan da na yi shekara goma sha ɗaya ina yawo a kansu, sai takardata ta dawo ja kamar an yanka kaza a kanta.

Ranar da abin ya fashe, shafin a kan gidan sauro ne. Tambayar ta ce me ya sa iyalai ba sa kwana a ciki. Na zaɓi zafi. Mushe ya ja layi, ya ce amsar ita ce ba su san amfaninsa ba.

Na miƙe tsaye. Na ce masa babu macen da ba ta san amfanin gidan sauro ba a Zongo, har kaka mai gani da ido ɗaya. Na ce ya zo ya kwana a ɗakin kwano a watan bazara da yara biyar, ya ga ko zai saukar da gidan sauro. Na ce wasu suna rufe tattasai da shi, wasu suna killace 'yan tsaki, kuma duk sun sani. Abokan aikina suna ta ƙunshe dariya, ɗaya ta ce a hankali, Tanti ta fara.

Mushe ya bari na gama. Sannan ya ce, "Madam, ban ce ƙarya kike ba. Amma ba a tambaye ki abin da ke faruwa a Zongo ba. An tambaye ki abin da shafin ya ce."

"In shafin ya yi ƙarya fa?"

"Sai ki faɗi ƙaryar da ya yi, a ba ki maki."

Na koma na zauna. A kan hanyar gida na gane abin da ke damuna, kuma ganewar ta ƙara mini tsoro. Aikina duka rashin yarda da maganar farko ne. In na shiga gida na tambayi mace ko ta ba yaro maganin, za ta ce ta ba shi. Ban taɓa rubuta wannan ba. Sai in nemi ruwan sha, idona na kan kanta, in ga kwalbar ko an buɗe ta. In ta ce suna kwana a gidan sauro, sai in duba bango ko akwai ƙusa. Da haka na zama wadda majo ke turawa gidajen da suka gagara. Yanzu ga takarda a gabana, ina yi mata abin da nake yi wa matan: ina jin abin da ta ce, ina neman abin da ta ɓoye. Wato abin da ya sa na iya aikin shi ne zai raba ni da shi.

Mushe ya kafa mini doka ni kaɗai. Ya ce kada in taɓa zaɓar amsa sai yatsana na hagu yana kan layin da ya faɗe ta a cikin shafin. In babu layin da zan ɗora wa yatsa, babu amsa, ko da na rantse da Alƙur'ani gaskiya ce. Na yi ta yi. Wani lokaci yatsan yana kan layi, hannun dama kuma yana tafiya wajen wata amsar da kansa, sai Mushe ya ƙwanƙwasa tebur da bik. Jan ya ragu, amma barcina bai dawo ba, abinci ma sai in tura. Ko a salla sai in ga bahon wankin nan.

An yi jarrabawar da safe a wani babban ɗaki a unguwar Paspanga, mu da ma'aikatan wasu asibitoci. Aka karɓe wayoyi. Mai tsaronmu ta karanta dokoki da Faransanci, ciki har da cewa takardar amsa ba a rubuta komai a kanta sai alamar zaɓi, wanda ya ƙara wani abu za a iya soke tasa.

Shafi na farko da na biyu na bi su da yatsa, lafiya. Na uku a kan gudawar yara ne.

Tambaya ta huɗu ta ce me ya sa iyaye mata ke jinkirin kai yaro asibiti. Yatsana ya samo layin nan da nan: asibiti ya yi musu nisa. To amma cikin amsoshi huɗun, ta uku ta ce suna jiran izinin miji.

Na daɗe ina kallonta. Daga ƙofar gidan da ya fi nisa a unguwarmu zuwa asibiti bai kai tafiyar dafa shayi ba. Matan direbobi ne rabin waɗanda nake shiga wurinsu, mazan suna hanyar Lome ko Yamai, wayarsu ba ta shiga, uwar miji ta ce a jira. Ni kaina na taɓa yin kwana uku da ɗiyata a cinya, idonta na faɗawa, ina jiran Alhaji ya dawo. Allah ya raya ta, ba dabarata ba. Akwai ma dalilin da bai cikin huɗun: suna tsoron faɗan da za mu yi musu in sun zo a makare. Wannan na fi kowa saninsa, don muryata ake ji har bakin titi.

Yatsana na hagu bai motsa daga layin ba. Na sa alama a kan nisa.

Na gama sauran, saura minti kaɗan. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na koma tambaya ta huɗu, a gefen takardar amsa, da ƙananan baƙaƙe, na rubuta da Faransancina na benci: shafin ya ce nisa, amma a wurinmu izini ne da tsoronmu. Ina ɗaga bik aka ce a ajiye. Mai tsaron ta zare takardar daga hannuna ba ta ko duba ba.

Sai a bakin ƙofa na gane abin da na yi. Wata uku na wahala, na sa hannu na ɓata. Da na gaya wa Mushe ya cire tabarau ya riƙe kansa. Alhaji ya ce in je in ba da haƙuri, na ce wa zan ba, takardun sun tafi. Sati uku ina shiga gidaje kamar mai bankwana. Duk lokacin da wayar majo ta yi ƙara sai in kasa kunne.

Wata Talata majo yana cikin ofis ya aiko a kira ni. Na shiga ban zauna ba. Ya ce sakamako ya zo, ya juyo mini da takardar. Sunaye biyar, nawa na huɗu.

Na riƙe bakin tebur. Sai na tambaye shi ko sun ce wani abu game da rubutun.

"Wane rubutu?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce wata takarda mai huji-huji ake ɗorawa a kan tamu, a ƙirga alamun da suka leƙo. Gefen takarda ma rufe shi take yi. Babu wanda ya gani.

Na ce to. Na fita bayan asibiti na zauna a kan wani bulo, na kasa tantance ko godiya nake ko haushi. Mutum huɗu cikinmu aikinsu ya tafi, ɗaya tana da goyo, ina jiyo kukanta ta taga. Na tashi na shiga wurinta.